Yadda Ake Tada Babur ɗin Ƙanƙara a Ƙasar da Ƙanƙara Ba Ta Kwanciya

Idan ka bi matakan nan yadda aka jera su, ba ka tsallake ko ɗaya ba, na ba ka tabbaci za ka mallaki abin hawan da babu mai irinsa daga Faskari har Sabuwa, sunanka kuma zai shiga bakin mutanen da ba ka taɓa gani ba. An gwada hanyar. Mas'udu mai sayar da takin zamani a Yankara ne ya gwada ta, kuma yana nan da ransa da ƙafafunsa biyu. Sawunsa za mu bi.

Mataki na 1: Ka saya kafin ka yi tambaya

Yawan tambaya na sa mutum ya koma gida da kuɗinsa, wanda ba shi ne manufarmu ba.

Mas'udu ya je Funtuwa saro kaya, ya ratsa ta wajen wani dillalin gwanjo, ya hangi abin a bayan tarin tsofaffin firiji. Kujera irin ta babur, kai irin na babur, amma babu taya ko ɗaya. A gaba wasu dogayen faranta biyu masu lanƙwasasshen baki, a baya faffaɗan bel na roba mai haƙora irin na katafila. Cikin kwantenar kayan Turai ya zo, an cusa shi don cike gurbi.

"Wannan fa mine ne?"

"Babur ɗin ƙanƙara ne," in ji dillali.

Mas'udu ya dafe ƙirji. "Ikon Allah! Ai ni ɗan Ƙanƙara ne. Can aka yanke mani cibiya."

Dillali ya buɗe baki zai yi bayanin cewa ƙanƙarar da ke zuba daga sama a ƙasashen sanyi yake nufi, sai ya ga Mas'udu na zaro makullin babur ɗinsa daga aljihu. Ya mayar da bakinsa ya rufe. Aka yi musaya. Lafiyayyen babur ya tsaya a Funtuwa, Mas'udu ya koma gida a bayan akori-kura, rungume da abin da ba ya tashi.

Mataki na 2: Ka shirya amsar mai ɗakinka tun a hanya

Hafiza, matarsa, tana ɗauke da cikin fari. Ta fito riƙe da ƙugu, ta zagaya abin da aka sauke mata a tsakar gida.

"Malam, ina babur?"

"Ga shi kina kallo."

"Mai tahiya nake tambaya."

"Wannan ya hi shi. Gyara kawai yake so."

"To ranar da zan tahi gida haihuwa, a mi za ka kai ni?"

"A wannan. Kahin watanki ya kama ya tashi."

Hafiza ta juya ta koma ɗaki. Shirun mace ba yarda ba ne, amma kai ka yi kamar ba ka sani ba, aikin zai fi sauri.

Mataki na 3: Ka kwance komai

Komai fa. Abin da ba ka kwance ba ba ka san shi ba.

Za ka buƙaci mai walda wanda ba ya yawan mamaki. Na Mas'udu Gide ne, abokinsa tun na ƙuruciya, mutumin da in ka kawo masa jirgin sama zai ce ka dawo bayan la'asar. Suka baje injin a kan tabarma. Notuna suka shiga kwanon miya, kafireto ya kwana a cikin samira, faifan tankaɗe ya zama mazubin wasu ƙananan abubuwa da babu wanda ya san sunansu. Hafiza ta koma zuba tuwo a murfin tukunya.

Faranta biyun nan na gaba ba su da amfani a ƙasar da babu abin da za su zame a kai. Gide ya cire su, ya ɗaura tayoyin kurar ruwa. Farantan kuwa maƙwabciya ta ara, tana shanya kuɓewa a kansu har yau.

Bayan an mayar da komai, za ka ga ƙarafa sun yi saura a kwano. Kada gabanka ya faɗi. Bature ne da almubazzaranci.

Mataki na 4: Ka sanar da mai unguwa kafin ka ja igiya

Igiya ake ja masa kamar janareto. Mas'udu ya ja har kafaɗarsa ta daina ɗaguwa, ya wanke fulogi, ya koma ja da hagu. Ranar da injin ya amsa, babu salansar rage ƙara a jikinsa, don tana cikin ƙarafan da suka yi saura.

Ka san yadda zamani ya koma a yankin nan, ba a jin ƙara a tsaya tambaya. Mai shayi ya bar tukunya a wuta. Masu zaman majalisa suka watse, kowa da hanyar da ya zaɓa. Mai unguwa ya iso ƙofar gidan da takalmi wari ɗaya, ya tarar da Mas'udu a cikin shuɗin hayaƙi yana murmushi har kunne.

"Mas'udu, don girman Allah, in za ka ƙara, ka aiko a gaya mani in sha maganin hawan jini tukuna."

Mataki na 5: Ado kafin birki

Kowa na iya gyara inji. Ado shi ke nuna mai abu.

Mas'udu ya yi masa koren fenti, ya jera madubai, ya sa fitilu masu ƙyaftawa, ya lulluɓe kujera da leda don kada ta tsufa. Akwai wani maɓalli a kusa da babban yatsa da bai san aikinsa ba, ya danna ya bar shi a haka. Tsakiyar bazara, rana na dukan ƙeya, ya ji hannuwan babur suna gasa masa tafi. Ashe na ɗumama hannu ne, don masu sanyi. Ya fara tuƙi da tsumma.

Birki ya ƙi gyaruwa. Da ya ga hannun birkin zai zauna a banza, sai ya sa Gide ya haɗa shi da hon ɗin tirela. Hujjarsa mai ƙarfi ce: wanda ya ji hon ya kauce, ka ga babu buƙatar tsayawa.

Sauran matsala ɗaya. Daga ƙofar gida zuwa masallacin unguwa abin ke kaiwa, sai ya ɗau zafi ya mutu. Gide ya leƙa ƙarƙashi ya ce, "Abin nan sanyi yake nema ta ƙasa." Suka ɗaura jarka da tiyo tana ɗiga masa ruwa. Ya fara kaiwa har bayan masallacin.

Ana cikin haka damina ta sauka, watan Hafiza ya kama. A motar kasuwa ta tafi gidansu, wani ƙauye gaba da Damari. Da za ta shiga mota ta yi magana ƙasa-ƙasa, ba ta kalle shi ba.

"Malam, ranar suna rago da goro su iso kahin rana ta ɗaga. Baba ba ya son a ajiye mutane. Kada a yi da ni a gidanmu." Ta gyara mayafi. "Kuma kada ka zo da abin nan."

Mataki na 6: Ka zo da abin

Ta haifi mace. Ranar suna Mas'udu ya ɗauki hayar akori-kura, ya loda rago da goro da abokai, da wani tudu a ƙarƙashin tamfol wanda ya ce buhunan masara ne.

An kwana ana ruwa. Suna wuce Damari hanya ta zama kunu. Mota ta nutse har ciki. Aka tura, aka sa duwatsu, aka yi salati, ta ƙara zama. Wani mai babur ya gwada wucewa, ya dawo a ƙasa yana jan abinsa. Rana kuwa ta fara leƙowa ta saman dawa.

Mas'udu ya tsaya cikin taɓo har gwiwa. A zuciyarsa ya ga surukinsa Alhaji Mani zaune da liman da dattawan gari a kan tabarmi, ana kallon hanya, babu rago. Ya ga Hafiza a ƙuryar ɗaki da jaririya, tana jin mata na tambayar juna ko mijin ne ba shi da hali. Shi ya rabu da babur ɗin da zai kai ta gida, ta haɗiye. Wannan ba za ta haɗiyu ba.

Ya yaye tamfol.

Aka ɗaure rago a gicciye a bayan kujera, Mas'udu ya rataya ƙullin goro a ƙirji. "Gide, hau ka riƙe mani shi."

"Ni ina da iyali," in ji Gide.

Ja ɗaya injin ya tashi. Bel ya taɓa laka mai sanyi, ruwa ya fantsamo masa ta ƙasa, abin da yake nema ke nan tun da ya baro ƙasarsu. Inda mota ta nutse shi ya bi ta kai kamar an shimfiɗa masa kwalta. Masu noma suka ajiye fartanya. Mas'udu na ihu shi kaɗai, bai san ko dariya yake ko kuka ba, rago na taya shi daga baya.

Mataki na 7: Tsayawa

Uban ɗan fari ba ya nuna kansa ranar suna. Rakuɓewa yake a bayan taro, kansa a ƙasa, kamar bai san abin da ya tara mutane ba. Haka Mas'udu ya shirya: ya ajiye abin a bayan danga, ya aika da rago, ya sulale.

Da ya hangi dangar gidan, hannunsa ya manta, ya matse birki.

Hon ɗin tirela ya tsaga ƙauyen. Danga ta buɗe. Ya wuce rumbu, ya wuce turken awaki, ya ɓullo ta ɗaya dangar zuwa ƙofar gida, inda bel ya haɗiye tabarma guda ya shaƙe, injin ya mutu. Babu wanda ya rage a wurin sai Alhaji Mani, da ciwon gwiwa ya hana shi tashi, da liman, da ke riƙe da rigar Alhaji Mani.

Mas'udu ya sauko, laka tun daga hula har ɗan yatsa, ya durƙusa.

"Baba, ina kwana."

"Lahiya lau. Ragon na da rai?"

Rago ya yi atishawa.

"To Malam, bisimilla. A kira mutane su dawo."

Aka raba goro, aka raɗa wa yarinya suna Najiba, rana ba ta gama ɗagawa ba. Can wata gwaggon Hafiza ta fito da kwanon kunu ta dire a gabansa. "Ta ce ka sha. Ta ce kuma ka wanke fuska kahin ɗiyarka ta gan ka, kada ta ɗauka haka kake." Daga cikin gida yana jiyo dariyar da ya sani, ana ce wa mai ita ta yi a hankali, jego take.

Da taro ya watse, Alhaji Mani ya dogara sanda ya zagaya abin a hankali.

"Dangogin nan kai za ka gyara su."

"To, Baba."

"Gonata ta fadama, rabona da ita tun saukar ruwa. Gwiwa ta hana, hanya ta hana." Ya ƙwanƙwasa kujerar da sanda. "Yana ɗaukar mutum biyu?"

"Yana ɗauka, Baba. Sai dai ba shi da birki."

"Can babu danga."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba bakanike ba ne, bai taɓa hawa abin ba, kuma ba ya da niyya. Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa babur, ko tafin hannu, ko zaman lafiya da maƙwabta, shi ya jiyo. Ba a karɓar ƙorafi daga surukai, masu danga, ko raguna. Masu tambayar Alhaji Mani kuwa su kwantar da hankalinsu, an tabbatar mani ya isa gonar. An ce ma ya wuce ta.