Ranar Da Aka Yi Rawa Da Diktena

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwata Rabi a Dogarawa ba, kuma duk lokacin da na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

A lokacin shekarata ta uku ke nan ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Tsarnawa. Kowa Mushe yake ce mini (haka muke kiran malamin lakwal a wajenmu, kada wani ya ɗauka mushen jaki ake nufi), kuma gaskiya kiran ya hau mini kai. Ina da tabarau alhali idona lafiya lau, ina da biro uku a aljihun gaba, kuma ina da ra'ayi a kan komai, tun daga siyasar duniya har yadda ya kamata a dama fura.

Rabi ɗiyar Gwaggo Hajo ce, ƙanwar babana. Gwaggo mace ce da ba ta yarda a raina gidanta, ga shi dangin ango za su zo daga Illela, mota biyu cike da mata. Don haka ta rantse ba za a yi bikin ɗiyarta da rediyon maƙwabta ba. Ta aika Konni aka ɗauko dije, wato mai saka kiɗa, wani siririn mutum mai suna Iliya. Ya iso da hantsi da lasifika huɗu, kowace ta kusa kai ni tsawo, da injin wuta, da wani akwati mai maɓallai barkatai.

Bayan azahar aka fara wasa a ƙofar gida, ƙarƙashin rumfa. Abin da ya fara ɓata mini rai shi ne wata waƙa guda mai kiɗan kalangu da Iliya ya saka har sau huɗu. Da ta ƙare mata su yi ihu, shi kuma ya maido ta. Na ga wannan ai ba aiki ba ne. Na gyara tabarau na je na tsaya a kansa, na yi masa bayani cewa mai saka kiɗa kamar malami yake, aikinsa ya wayar da kan jama'a, ya ɗanɗana musu abin da ba su sani ba. Na kawo masa misalai. Ina jin har da Faransanci na haɗa.

Ya saurare ni har na gama, bai ko ɗago kai sosai ba. Sannan ya ce, "Mushe, ni ba akwatin ga nika kallo ba. Ƙafafun mutane nika kallo."

Na koma kujerata ina tausayin jahilcinsa.

Da aka kira la'asar aka kashe kiɗa, aka yi salla. Bayan an dawo Iliya ya leƙa injinsa ya ga isansi, wato fetur, ya kusa ƙarewa, dole ya hau babur ɗin kabu-kabu zuwa bakin titi ya sayo. Ya jera waƙoƙi, ya kunna, ya nemi wanda zai tsaya kusa da kayan don kada a taɓa. Abin da ya roƙa ke nan kawai, kada a taɓa. Ni da kaina na miƙe na ce ya tafi hankali kwance, kayansa suna hannun mai ilimi.

Ƙurar babur ɗinsa ba ta kwanta ba na zare wayar da ke shiga akwatin na soka ta a salulata, wato wayata ta hannu. Ina da wani kiɗan Turawa da nake ji idan ina gyaran takardun yara, mai sanyi, ba ganga ba kalangu, sai wani abu kamar goge yana kuka a hankali. Na ce yau mutanen Dogarawa za su san akwai duniya.

Mata kusan talatin ne a fili lokacin. Suka tsaya da hannuwa a sama suna jiran ganga ta shigo. Ganga ba ta shigo ba. Ɗaya bayan ɗaya suka sauke hannu, suka gyara mayafi, suka koma kujeru. Wata tsohuwa ta matso ta tambaye ni a hankali ko rasuwa aka yi ba a faɗa musu ba. Can na hango matan Illela suna haɗa kai suna ƙus-ƙus, ɗaya ma ta fara neman takalminta.

Sai ga Gwaggo Hajo ta fito daga cikin gida, ɗankwali a karkace. Ta ce mini yanzun nan za a fito da amarya, ƙawayenta sun riga sun jeru a zaure, in maido musu kiɗansu kafin ta ƙirga uku. Ba ta ɗaga murya ba, wanda ya san Gwaggo kuwa ya san wannan ya fi ihu muni.

Na juya zan mayar da wayar inda na zaro ta, sai na ga ramuka sun fi goma a bayan akwatin, duk kamarsu ɗaya. Na ce to bari in nemo wata waƙa mai zafi a salulata. Rana ta haske gilashin, gumi ya cika mini tabarau, yatsana yana santsi. Na ga wani abu a jerin, na danna.

Sai na yi muku bayani kaɗan a nan. Mako guda kafin bikin an ce mana mai duba malamai zai zo ajina. Don in burge shi, na shige ɗaki na ɗauki muryata ina gwada yadda zan karanta wa yara dikte, wato shifta, da irin muryar masu karanta labarai a rediyo.

Ita ce ta fito daga lasifika huɗu, har ana ji a bayan gari.

"La chèvre de mon oncle est malade. Virgule."

Ma'ana, akuyar kawuna ba ta da lafiya, waƙafi. Muryata ta sake maimaitawa a hankali, kamar yadda ake yi wa yara, tana jan kowace kalma. Daidai lokacin ƙawayen amarya suka fito daga zaure da Rabi a tsakiyarsu, an lulluɓe ta, ana rangaɗa guɗa. Guɗar ta mutu a rabi.

Na danna salula ta ƙi tsayawa. Na murɗa wani maɓalli a akwatin da niyyar rage ƙara, ashe na amsa-kuwwa ne. Sai aka ji "Birgil, gil, gil, gil" yana yawo a kan rufin gidaje.

Da a nan abin ya tsaya da na gode Allah. Na manta cewa ranar da na yi ɗaukar ban kashe da wuri ba. Sai ga ƙarar buɗe ƙofa, sai ga muryar mahaifiyata tangaram:

"Kai, da wa kaka magana kai ɗai cikin ɗaki? Hito ka kwashe wandunanka bisa igiya, kwana ukku ke nan, ko sai na aiko maka da sammaci?"

Sai muryata, ba ta rediyo ba yanzu, wata 'yar siririya: "Inna, don Allah, aiki nikai."

Inna tana zaune a sahun gaba cikin ankon biki. Maimakon ta ji kunya, sai ta dafa ta kusa da ita tana gaya mata da alfahari cewa ai muryarta ce wannan. Dariyar da ta tashi ban taɓa jin irinta ba. Har lulluɓin amarya na ga yana girgiza. Gwaggo kaɗai ce ba ta dariya, tana dubana kamar tana auna inda za ta fara.

Ana cikin haka Iliya ya sauka daga babur da kwalabe biyu a hannu. Na ɗauka zai kashe abin ya zage ni. Bai ko dube ni ba. Ya tsaya ya dubi fili, ya ga wata dattijuwa daga cikin matan Illela tana dariya tana buga ƙafa a ƙasa duk lokacin da aka ce birgil. Ya ajiye kwalabe, ya ture ni gefe da gwiwar hannu, ya taɓa nan ya taɓa can. Sai ga kalangu ya shigo a ƙarƙashin muryata. Ya yanko "birgil" yana maimaita shi a kan kiɗan, can kuma ya sako Inna tana cewa "kwana ukku ke nan."

Dattijuwar nan ce ta fara shiga fili. Kafin a jima ba sauran kujera mai mutum. Ana cewa akuyar kawu, mata na amsawa da birgil suna juyi. Da wannan aka raka Rabi har mazauninta, tana rawa tana share hawayen dariya. Sau shida aka sa Iliya ya maido shi, ni kuma ina tsugune bayan injin wuta ina yi kamar ina duba mai.

Gwaggo ba ta yi mini magana ba sai da baƙi suka hau mota suna ta yaba biki. Sannan ta zo ta ce in gode wa Allah da Iliya, in kuma tashi in tara kujeru.

Bayan wata biyu wata mata daga Illela ta yo mini saƙo ta hannun Gwaggo. Za ta aurar da ɗiyarta, tana son in yi musu sabon dikte, amma ita ta fi son na saniya, kuma in ba damuwa a sa Inna a ciki.

Ban yi ba. Amma na koyi cewa mutanen da suka ci ado suka zo biki ba darasi suka zo ɗauka ba, kuma wanda ya san abin da zai tashe su daga kujera ya fi ni sanin aikinsa nesa ba kusa ba. Yanzu in an ce in tsare kayan wani, hannuwana a baya nake tsarewa. In kuma zan ɗauki murya, sai na tabbatar Inna ta tafi unguwa.