Yadda Masifata Ta Shiga Waƙa

Samarin da suka buɗe ɗan kamfanin waƙa jikin gidana a Yelwa sun cuce ni. Ina bitar jarrabawar ajin manya, kiɗansu ya hana ni sakat. Na faɗa ɗakinsu ba sallama, na tsaya gaban wani ƙarfe mai soso, na zazzage su: "Ku kashe gwangwanin nan, gobe ina da jarrabawa!" Na fito ina taƙama na gyara musu zama.

Ashe ɗaukar murya suke. Bayan mako biyu na ji muryata cikin Keke Napep, har da ganga. A kasuwar Muda Lawal mai tumatir ya ce, "Hajiya Gwangwani, ya jarrabawa?"

Washegari na koma. Na ce a sake ɗauka, don ran nan mura nake yi.