Jarkar da Nomau Ya Rataye a Tsamiya

Gidanmu na bakin kogi ne, mu huɗu: ni, da Innarmu, da matata Saude, da ƙanena Nomau. Nomau ƙato ne har da gemu, ba ya ƙarya, ba ya ƙiwa, amma abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Sana'ata kafa gura, wato tarkon kifi. Kifi kuwa ba ya shiga gura don Allah, sai da abinci. Shi ya sa da kaka, lokacin da dusa ta wadata, nake kwaɓa ta da ƙuli-ƙuli, in mulmula ƙanana kamar gujiya, in busar, in adana har ruwa ya kawo. In ta lalace, gura ta tashi a banza, mu ma tukunyarmu haka.

Wata rana na shanya ta a tabarma, na ce, "Nomau, ka tsare, kada kaji su ci." Da na dawo sai na tarar da awaki uku sun duƙufa a kai, shi kuma yana zaune da sanda yana kallonsu.

"Nomau! Me nake gani haka?"

"Yaya, wallahi kaza ko ɗaya ba ta ci ba."

Rabin abincin kifin ya tafi. Na yi tsaki na tattara saura.

Wata rana kuma na ga ƙwari sun fara shiga buhun da na zuba sauran a ciki, na ce, "Maza ɗebo toka a murhu yanzu-yanzu ka barbaɗa a ciki." Ashe Saude na tsakiyar tuƙa tuwo. Bawan Allah ya kwaso tokar da garwashinta ya juye. Sai ihun Saude muka ji, hayaƙi ya turnuƙe ɗaki. Inna ta ce, "Ai kai ka ce masa yanzu-yanzu." Abin da ya tsira bai fi cikin jarka ɗaya ba.

Na ɗura shi a jarka, na murɗe murfi tam, raina a ɓace. Na ce, "Ungo. Ka kai inda ɓera ba zai kai ba, akuya ba za ta kai ba, kai kanka hannunka ba zai kai ba!" Ai kuwa ya hau tsamiyar bakin gaɓa, ya sa doguwar gora ya tura igiyar jarkar can ƙarshen wani siririn reshe. Na hau in sauko da ita, reshen da na taka ya ce ƙas, na sauko ba shiri. Wata takwas tana lilo, masunta na wucewa suna ce mini, "Mamuda, tsuntsaye za ka kama bana?" Na haɗiye, amma kullum ina tunanin me za mu ci.

Wata rana da hantsi, cikin damina, kogi ya ɓalle. Kafin azahar ruwa ya shanye unguwarmu, da ƙyar muka kai Inna tudu. Dusar kowa da ke jibge a ɗaki ta zama kunu, ta bi ruwa. Ga kifi ya zo har ƙofar gida, ga gura, babu abin sakawa.

Na tuƙa kwalekwale, Nomau na gaba, muka nufi tsamiya. Ruwa ya ɗaga mu har jarkar na taɓa hular Nomau. Na tabbata a ranar duk garin ba mai sauran abincin kifi sai mu, kuma da ita muka ci, maƙwabta shida suka ci, har ruwa ya janye. Na gode wa Allah da ya ba ni wannan ƙane, na kuma ji kunyar tsakin da na sha yi masa.

Na ce, "Nomau, Allah ya yi maka albarka. Kwanto ta."

Ya cusa hannuwansa a hammata, ya dube ni.

"Yaya, kai ka kwanto. Ni ka ce kada hannuna ya kai."

Na miƙe na kwance igiyar ina dariya, hawaye na zuba.