Siririya Ta Rasu a Bakin Maigida

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Najmuddeen Talha na Azare nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa cin kifin gidanmu, rasuwar sandar fatsata, wadda aka fi sani da Siririya. Ta rasu ranar Asabar da ta gabata da hantsi, a wani gurbi na kogin da ya bi ta gefen Katagum, tana da shekara uku da wata huɗu a hannuna. Shekarunta na can ƙasar da ta fito, Allah ne masani, domin a cikin kayan gwanjo na same ta.

Ba a yi jana'iza a ranar ba, saboda gawar ba ta cika ba. Rabin ƙasa, wato mariƙi da ɗan keken naɗe zare, yana ɗakina lulluɓe da tawul. Rabin sama, da zaren, da ƙugiya, suna tare da wanda ya yi ajalinta. Mutanen wurin ba sa kiran sunansa a bakin ruwa. Ni zan rubuta shi, tunda ina Azare, kuma ruwan da ya fi kusa da ni na buta ne: kada ne. Ƙugiyata tana maƙale a bakinsa yau kwana huɗu, kuma an yanke hukuncin cewa ranar Asabar mai zuwa ni da kaina zan tsaya a gaɓa a ciro ta.

Marigayiya mai haƙuri ce, ba a taɓa jin ta da kowa ba. Ni mutum ne mai yawan fargaba. Ina karanta saƙo sau uku kafin in tura shi, kuma na sha dawowa daga bakin titi in duba ko na zare dutsen guga daga wuta. Bayan na kammala difloma, na zauna jiran kiran aiki har ƙirjina ya fara bugawa ba gaira ba dalili. A wannan hali muka haɗu da ita. Abokina Sha'aban, mai babur, shi ne yake kai mu kogi kowace Asabar, ita a goye a bayana, ni a goye a bayansa. A bakin ruwa ta koya mini abin da babu wanda ya iya koya mini: mutum ya zauna awa uku bai ji tsoron komai ba.

Ba ta da yawan magana. Idan na wurga ta, sai ta ce "fiiit", shi ke nan. Idan ina naɗe zare, sai ta riƙa cewa "ƙir, ƙir, ƙir" a hankali, kamar tsohuwa tana kaɗi. Ta ciyar da gidanmu karfasa da tarwaɗa gwargwadon hali. Ta taɓa kamo kififfiya, muka ba ta haƙuri muka mayar. Ta taɓa kamo minjirya, wadda ta ja ni har na ciji harshena, amma marigayiya ko gezau. Ranar da muka wuni ba mu samu komai ba sai tsohon silifa, ba ta nuna ɓacin rai ba, ko da yake Sha'aban ya yi mana dariya tun daga Katagum har gida.

Dangane da rashin lafiyarta ta ƙarshe, ba ta yi doguwar jinya ba, kuma wajibi ne in faɗi gaskiya, domin akwai hannuna a ciki.

Mako guda kafin rasuwar, wata tarwaɗa ta tsinke mana zare. Saboda gudun sake faruwar haka, na ɗaura wa ƙugiya waya mai ƙarfi tsawon kamu ɗaya, na ƙulle ta ƙulli uku, na gwada da haƙorina da kuma ƙofar ɗaki. Na yi hakan ne da kyakkyawar niyya.

Ranar Asabar muka tarar bazara ta shanye wurin da muka saba zama, ba komai sai yashi. Kogin ya yanke gurbi-gurbi. Sha'aban ya sauke ni kusa da wani gurbi mai zurfi, ya wuce cikin gari ɗaurin aure. A nan na iske Malam Zarami, dattijon masuntan wurin, yana gyaran koma. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dubi Siririya, ya dube ni, ya ce: "Ɗan birni, matsa can gaba. Maigida yana nan ƙarƙashin giyayyar, ba ya son a dame shi da safe."

Iyayena sun yi mini tarbiyya. Na tafi gindin giyayyar, na tsaya daga nesa kaɗan, na yi sallama sau uku. Ba a amsa ba. Na duba gabas da yamma ban ga kowa ba, ban ga tabarma ba, ban ga takalmi ba, sai wani kututture da rabinsa ke cikin ruwa. Na ƙudurta a raina cewa maigidan ya shiga gari, ƙila ma ɗaurin auren nan ya tafi. Wurin da inuwa, da sanyi. Na zauna, da niyyar idan ya dawo in miƙe in nemi izini.

Ba a daɗe ba marigayiya ta kama tarwaɗar da ba ta taɓa kama irinta ba. Na miƙe tsaye ina naɗe zare, ƙafata a bakin laka. A daidai lokacin wani makiyayi, wanda daga baya na ji sunansa Bappayo, ya gangaro da shanunsa a ɗaya gaɓar. Ya tsaya cak, ya ɗaga sanda, ya ƙwala ihu: "Kada! Kada!"

Ina roƙon mai karatu ya yi mini adalci. A iya sanina, idan an ce wa mutum "kada", akwai sauran magana a gaba: kada ka zauna, kada ka taka, kada ka wurga. Don haka na dakata ina jiran ƙarshen zancen. Da na ji shiru, na ɗaga murya cikin ladabi na ce: "Kada me, Malam?"

Sai ya juya Fillanci, yana tsalle yana nuna ƙafata. Ni kuwa ba na jin Fillanci.

Magabata sun ce daɗewar kututture a ruwa ba ta mai da shi kada. Ban isa in ja da magabata ba, amma wannan kututturen ya buɗe ido. Ido rawaya, da tsaga baƙa a tsakiya. Bai yi sauri ba, wannan shi ne abin da ya fi hana ni barci. Ya sulale cikin ruwa kamar an zuba mai, ya bi tarwaɗar da nake janyowa zuwa ƙafata, ya buɗe bakin da zai ɗauki turmi, ya rufe a kanta da ƙugiya da waya baki ɗaya. Na ji warinsa. Na ga wata 'yar ciyawa maƙale a tsakanin haƙoransa.

Daga nan marigayiya ta yi kukan da ban taɓa ji daga gare ta ba: "ƙirrrrrrrr", ba numfashi, har zaren ya ƙare. Da tsohon ɗauri ne, da ya tsinke kowa ya huta. Amma ƙullina uku sun riƙe amana. Ta lanƙwashe har kanta ya kusa taɓa ruwa. Ban sake ta ba, kuma kada kowa ya ɗauka jarumta ce: yatsuna ne suka ƙi buɗewa. Aka ja ni taku ɗaya cikin laka, aka ja ni taku na biyu, ruwa ya kai mini gwiwa. Ina kalmar shahada ina jin muryata kamar ta wani.

Kalmarta ta ƙarshe ita ce "ƙas".

Ta karye a tsakiya, zaren ya kuɓuce daga keken naɗi, na faɗi da baya a kan gaɓa. Da ta yi taurin kai ta ƙi karyewa, da wani ne yake rubuta sanarwa yau, kuma da ba sunanta ne a sama ba. Yadda na isa bakin titi ban sani ba. Malam Zarami ya ce na wuce shi ko sallama babu, wanda ba halina ba ne, kuma ina neman afuwarsa a nan.

Marigayiya ta bar ƙugiyoyi goma sha ɗaya marayu a cikin gwangwanin madara. Ta bar bokiti, da malfa, da 'yar kujerar naɗewa wadda har yanzu tana gindin giyayyar, babu mai zuwa ɗaukowa. Ta bar takalmina na hagu, wanda ɗan uwansa ya rigaye shi a cikin laka. Tanar da ta rage ta koto, na 'yanta su a gindin zogalen mahaifiyata. Ta bar ni, wanda tun ranar ba na iya leƙa randa sai na fara ƙwanƙwasa ta.

Na so a ce maganar ta ƙare a nan. Jiya Talata Sha'aban ya zo ya miƙo mini waya, Malam Zarami ne. Ya shaida mini cewa shekara talatin ke nan maigida yana wannan gurbi bai taɓa kowa ba. Mata suna wanki a gefe, shanu suna sha a gefe, kowa ya san iyakarsa. Yanzu ƙarfe yana cin bakinsa, ya daina kwanciya. Rabin Siririya yana yawo a saman ruwa, duk inda ya nufa tana biye da shi. Mata sun daina zuwa. Ranar Litinin ya make maraƙin Bappayo da wutsiya, ya karya masa ƙafa. A wannan zafin babu wani ruwa kusa, Bappayo yana kora shanu tun asuba zuwa wani tafki mai nisa, suna dawowa haƙarƙari a waje. Bappayon nan fa shi ne mutumin da ya karya al'adar wurin, ya kira sunan da ba a kira, don ya cece ni.

"Wanda ya sa ƙarfen," in ji Malam Zarami, "shi zai riƙe bakin igiya, ya ba da haƙuri da bakinsa. Haka muka gada. Mu ne za mu shiga. Kai tsayuwa kawai za ka yi."

Na tambaya taku nawa ne tsakanina da ruwa. Ya ce biyu. Na nemi alfarmar ashirin. Ya ce maigida ya tsufa, ba ya ji daga nesa.

Na kai ƙara wurin mahaifiyata, ina fatan ta hana ni. Da farko ta goyi bayana, ta ce kifin kasuwa bai taɓa bin kowa da gudu ba. Da ta ji labarin maraƙin sai ta ajiye rariyar da ke hannunta, ta ce: "Tsoro na daji ne, kunya ta gida. Ban haifi ɗan da zai hana shanun mutane ruwa a bazara ba."

Saboda haka, ga yadda aka tsara jana'iza.

Za a tashi daga ƙofar gidanmu ranar Asabar bayan sallar asuba. Malam Zarami da masunta huɗu za su jira a gurbin da igiyoyi. Idan Allah ya sa an ciro ƙugiya lafiya, za a haɗa rabi da rabi, a naɗe marigayiya a buhu, a binne ta a saman tudu, inda ko ambaliya ba ta kaiwa. Ba za a yi mata salla ba. Na tambayi limamin unguwarmu, ya fara dariya, da ya ji sauran bayani ya daina, ya ce dai zai sa ni a addu'a. Daga maƙabarta za a wuce rugar Bappayo a dubo maraƙi.

Masu rakiya su tsaya a bayana, amma ba daf da ni ba, a bar hanya. Kada a zo da yara. Kada a ɗauki hoto, domin ban san halin da wandona zai shiga ba. Masu zuwa ta'aziyya gida, ana karɓar addu'a da kunu, ba a karɓar kifi.

Na buga wannan sanarwa kwafi ashirin, na liƙa a shagon shayi da ƙofar gida da tashar babura, domin na san halina. Idan unguwa duka ta karanta cewa zan je, ƙafata ba ta da sauran wurin gudu sai can. Sha'aban zai buga mini ƙofa da zarar an sallame. Idan bai ji motsina ba, na ba shi izini a rubuce ya ɓalle ta. Mahaifiyata ta ce kada ya wahalar da kansa, ta riga ta cire sakatar.

Allah ya ba mu haƙurin rashinta, ya ba maigida haƙurin zuwana.

Najmuddeen Talha
A madadin iyalan marigayiya
Azare