Nomau da Jan Biron Malam

Ku matso ku ji, ko jakata ban ajiye ba! Kun dai san gidan Malam Haladu mai koya mana Turanci: shi, da matarsa Anti Kulu, da ƙaninta Nomau, ƙato har da gemu, amma abin da ya ji an faɗa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Ba abin da yake tsoro kamar Malam ya mayar da shi ƙauye, a raba shi da yayarsa.

Wata rana Malam ya gyara jimlolin littafi ɗaya cikin littattafan aikinmu, ido ya dame shi, ya ajiye jan biro ya ce, "Sauran ma haka za a yi musu." Nomau ya ɗauki biron da sauran littattafan. Inda Malam ya ja layi, nan ya ja wa kowa, kowa biyu bisa goma. Zulai mai zuwa ta ɗaya ta yi kuka har da majina.

Wata rana a kasuwa Malam ya yi tsaki ya ce, "Da za a kawo mini allunan shagunan nan, da na gyara Turancinsu." Da safe sai ga Nomau da baro: allon mai aski, na mai kemis, har na tasha. Mai aski na biye, aska a hannu.

"Saura kuskure ɗaya, Nomau," in ji Malam.

Wata rana, jarrabawa ta matso, za a yi wa Malam aikin ido a birni. Ya ce wa Nomau, "Ka ba kowace yarinya littafi ɗaya, ta gyara kurakuran ciki." Nomau bai iya karanta suna ba. Na Zulai ya faɗo hannuna, nawa ya tafi wajen Hansai mai zuwa ta ƙarshe. Aji ya kaure.

"Ke, wa ya ce miki haka ake faɗa?"

"To gwana, gyara mu gani!"

Kullum musu, kullum gyara. Malam ya dawo ido a ɗaure, ya ji littattafai sun cakuɗe, a ranar ya sa Nomau a motar ƙauye. Nomau ya leƙo ta taga ya ce, "Yaya Kulu, ai ɗaya-ɗaya na ba su."

To yau sakamako ya fito, duk ajinmu mun ci Turanci, har Hansai! Muna ta ihu, Malam kuwa ya zauna yana juya jan biron nan. Can ya ce, "Motar ƙauyen su Nomau sai ranar kasuwa ko?"