Rasuwar Raba-Gardama, Allon Rijiyoyi

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, fushi kuma ya tumbatsa ta, Malam Ɗantsoho na Tudun Gawo, a ƙasar Dungas, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da maƙiya in suna saurare, rasuwar amininsa Raba-Gardama, allon da ke nuna inda ya kamata a haƙa rijiya. Ya rasu ranar Talata da hantsi, a wannan rani na 1976, bayan jinyar saran gatari. Wanda ya sare shi yana nan da ransa yana cin tuwo. Sunansa Inuwa, mai ruga a gabas da gari.

Marigayin katakon maɗaci ne, faɗin ƙyauren ɗaki. Malam bai taɓa zama a lakwal, wato makarantar boko, ba. Ya ga irin allon ne wajen wani injiniyan rijiyoyi da ya yi wa ja-gora bayan shekarun fari, ya komo gida ya sassaƙa nasa. An zana ƙauyuka a kansa, kowanne a mazauninsa, an huda kowanne. Ta kowace huda zare ya sauka ƙasa ɗauke da ɗan buhu, a sama kuma an haɗa zarurrukan a zobe guda na tagulla. Kowane ƙauye zai zuba tsakuwa a buhunsa gwargwadon bakunan da ke shan ruwa, na mutum da na dabba. Sai a ɗora allon bisa turame biyu a ƙwanƙwasa shi. Zoben ya ja nan, ya zarce, ya komo, ya ɗan gyara, har ya tsaya cak. Inda ya tsaya, nan ne in aka haɗa tafiyar kowa da kowa ta fi gajarta. Injiniyan ya ce a manyan birane injuna ke wannan aiki da lissafi: su gwada wuri, su matsa kaɗan, su sake gwadawa, har su isa inda duk gefen da aka matsa wahala ƙaruwa take. Raba-Gardama da zare da tsakuwa ya yi nasa, bai taɓa neman ko ɗigon mai ba.

Bai san mai gari ba, bai san talaka ba. Bai karɓi goron kowa ba. Har Malam da ya sassaƙa shi bai raga wa ba, don ya taɓa janye rijiya daga ƙofar gidan surukansa, aka yi wata ana gaisawa sama-sama. Ba shi da yawan magana. In yana tunani sai ka ji "ƙiii, ƙiii," in ya yanke hukunci buhunan su gwaru su ce "ƙwas." Daga nan ba ƙari.

Ga yadda ajali ya zo. Bana aka ba da rijiyar siminti guda ɗaya tsakanin Tudun Gawo da Garin Dikko da rugar Inuwa. Jama'a suka taru, wakilin kumandan mai mulkin yankin na zaune, Malam ya tambayi Inuwa yawan shanunsa. Inuwa ya ce, "Haba Malam, ana ƙirga dukiya a bainar jama'a? 'Yan kaɗan ne, Allah ya sa musu albarka." Malam ya san al'ada, ya san tsoron bakin mutane, don haka bai matsa ba. Ya miƙa masa buhu ya ce, "Zaga bayan rumbu ka zuba da hannunka, ba mai ƙirgawa. Amma ka sani, abin da ka ba allon nan shi zai auna." Inuwa ya zaga. Can ya tuna cewa in buhu ya fito a kumbure idanu za su gani, sai ya jefa tsakuwar da ba ta kai ta gwauro mai akuya ɗaya ba. Mutumin da in garkensa ya taso sai mata sun rufe randuna don ƙura!

Zoben ya yi abin da aka haife shi dominsa. Ya bar rugar Inuwa can baya, ya tsaya a fako tsakanin sauran garuruwan biyu. Wakili ya shaida, aka je aka kafa turke.

Inuwa ya ce, "An saye allon nan!" Malam ya ce, "Buhunka ne ba nauyi, Inuwa." Sai Inuwa ya wawuri gatarin da aka fiƙe turke da shi, ya sauke shi a tsakiyar bawan Allah da ba ya iya gudu.

An yi jinya iya ƙoƙari. An buga ƙusa, an liƙa ƙaro, an ɗaure da ɗanyar fata. Amma duk inda zoben ya nufa, in ya zo kan tsagar sai ya maƙale. Ranar Talata Malam ya juye tsakuwa duka a buhu ɗaya don gwaji, zoben ya tsaya a tsaga yana nuna inda ba gaskiya ba. Allon da ya fara ƙarya ya mutu, ko da katakonsa na nan. Malam ya lulluɓe shi da zane.

Washegari sai ga Inuwa da goro da ƙwaryar nono, ya durƙusa a zaure. An gaya masa wakili ya yarda a sake awo in allon ya nuna wani wuri. Ya ce, "Malam, a yi haƙuri, sharrin zuciya ne. A sake, yanzu na gaskiya zan zuba." Malam ya yaye zanen ya ce, "Ga shi nan. Tashe shi."

Marigayin ya bar zobe ɗaya, marayun buhuna, turame biyu da suka koma daka, da rijiyoyin da mata ke sa masa albarka a bakinsu. Ya kuma bar Kande, matar Inuwa, wadda ba ta sari kowa ba amma ita za ta fi jin nisan a wuyanta. Malam ya ba ta aron jakinsa, da sharaɗin ƙafar mijinta ba za ta taɓa haye shi ba.

Masu zuwa suna cewa ai Malam na iya sassaƙa wani allon, to su daina wahalar da bakinsu. Yana iyawa. Amma yana zaman makoki, kuma ba zai tashi ba sai masu haƙa sun cim ma ruwa an zuba siminti ya bushe.

Za a binne Raba-Gardama ranar Juma'a bayan la'asar, a gindin turken da ya nuna na ƙarshe. Ba za a yi masa salla ba, katako ne, Malam ba jahili ba ne. Ana karɓar gaisuwa a wurin. Wanda ke da jaki ya hau, wanda ke da doki ya hau. Inuwa kuwa ana jiransa, ya taho da ƙafa tun daga rugarsa, ya fara sabawa da hanyar.