Abiyeshan Ya Ci Gonar Maƙwabcina

Jiya tun hantsi nake layin mai ina tura babur, har azahar ban ga bakin famfo ba. Nan maƙwabcina Baba Dogo ya same ni, ya ce tunda na yi aji shida, in raka shi ofishin hukumar da ta karɓe masa gona in yi masa tafinta. Na bar babur wajen mai faci, muka kama hanya da ƙafa.

Shekara huɗu ke nan da Mai Girma Uban Ayyuka, Allah ya ƙara masa tsawon rawani, ya zo da motoci goma sha bakwai ya yanka ƙyalle a gonar Baba Dogo. Aka kewaye ta da waya, aka kafa allo, aka ce ta zama ta abiyeshan. Tsohon ya daɗe yana zaton sunan wani attajiri ne. Sai da malamin makarantar layinmu ya fassara masa: kalmar Turanci ce da ta haɗa duk sha'anin jirgin sama, ƙira da tuƙi da gyara. Ya ce ba jirgin ake nufi ba, harkar ake nufi. To, harka kam mun gani. Jirgi ne dai shiru, kamar an aiki bawa garinsu.

Buƙatar tsohon ba ta da yawa. Damina ta kawo kai, baki goma sha ɗaya yake ciyarwa, yana so a bar shi ya shuka ko kadada guda kafin jiragen su iso.

A ofis, akawun da muka tarar ya saurare mu da ladabi yana sakace. Ya ce shuka tana jawo tsuntsaye, tsuntsu kuwa babban hatsari ne ga jirgi. Ya ambaci abiyeshan sau tara, na ƙirga.

“Wane jirgin, ɗana?” in ji Baba Dogo.

“Wanda zai zo, Baba.”

Na yaba da wannan hangen nesa. Ba kowace hukuma ce ke kare jirgin da ba a saya ba daga tsuntsun da ba a ƙyanƙyashe ba.

Da za mu dawo muka bi ta gefen wayar. A ciki mai gadi ne da garma, ya riga ya yi kunya arba'in miƙaƙƙu. Ya ce masarar maigidansa ce, gwaji ake yi. Baba Dogo ya daɗe riƙe da waya yana kallo, sannan ya ce masa ya rage zurfi, wajen nan ruwa yana kwanciya.

Yanzu dai kalmar ta shiga bakin unguwa. Da safen nan na sake yi wa uwar 'ya'yana alkawarin keken ɗinki, ko ɗagowa ba ta yi daga wanke-wanke ba, ta ce Allah ya sauki abiyeshan lafiya.